Sawun Maƙwabciya

Dhaka,
7 ga Rajab

Zuwa ga yayata, Bubu Morjina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk wanda bai tsine mini ba a Dhumkhali. In kin duba kin ga ba su cika kwale-kwale ɗaya ba, ki haɗa da agwagin gida.

Kar ki yaga takardar nan don kin ga rubutu kamar kaguwa ta faɗa tawada ta fito. Ni ne, Rokon. Kin san iyakar karatuna makarantar Malam ce a shirayin masallaci, wannan rubutun kuwa a bayan riksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, na koye shi. Ina aiki wurin wani Ustad Kalu mai yi wa riksha fenti. Muna zana ɗawisu, muna zana furanni, muna zana damisa. Har yau bakina ba ya iya kama sunanta kai tsaye, Kawu nake cewa, kamar muna tsakiyar daji. Bubu, da za ki ga Kawun mutanen Dhaka sai kin yi dariya har kin zauna. Baki a washe, farce a waje, kamar mai zuwa dambe kasuwa. Na ce, "Ustad, Kawu ba ya taka ƙasa da farce, a kube yake ajiye su, shi ya sa ba a ganin su a sawu." Ya ce, "Kai ɗan laka, mai riksha farce yake so, ba wa'azi ba."

Ki gaishe mini da mijinki, Dulabhai Motaleb, jarumin duniya. Ki tambaye shi ko yanzu yana iya zagayawa bayan gida ba rakiya.

Na sani, ba abin dariya ba ne. Amma ai da dariya aka fara. Shi ya cika mana kunne a rumfar shayi, wai ranar da suka haɗu da Kawu da filafili zai kora shi. Ni kuma na haye kogi da ruwa ya janye, na danna kakin zuma a cikin sawun Maƙwabciya, macen Kawun nan ta dajinmu, na sassaƙa irinsa da itace har da karkataccen yatsan nan nata, na bubbuga a lakar bayan makewayinsa. Nufina ya kwana biyu yana matse ciki, shi ke nan. Ban san mazan gari za su yanka akuya su cusa mata maganin ƙwari su kai bakin daji ba. Ban san za ta ci ba.

Shekara tara Abba yana karanta sawunta a Rafin Keora in zai shiga da masu ɗibar zuma, ko ɗan akuya ba ta taɓa ɗauka ba, shi ya sa ya raɗa mata Maƙwabciya. Kina tsaye ranar da ya jefa ƙafar itacen a murhu ya ce, "Wallahi ba ka sake taka lakar garin nan ba sai ranar da na ga sawunta a rafin." Sawun matacciya, Bubu. Shekara biyu ke nan ina juya maganar, ban samo mata ƙofa ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, shekaranjiya na wuce wani gidan biki ana dafa shinkafa mai ƙamshi. Kafin in ankara na daskare a tsakiyar titi, gashin jikina ya miƙe, ina waige-waige. Kin san haka fitsarin Kawu yake ƙamshi in ya fesa a jikin bishiya don a san yankinsa ne. Mai mota yana ta zagina, ni kuwa ina neman inda barewa za ta yi kukan gargaɗi. Da na gane shinkafa ce sai na zauna a bakin kwata, hawaye ya zo mini. Na ce wa mutane barkono ne.

Nan kowa ƙofarsa a garƙame. Sai nake tuna Umma, Allah ya jiƙanta, in Abba ya shiga daji: ba ta shafa mai a kai, ba ta soya komai, ba ta rufe ƙofa sai ya dawo. Muna ta mita sauro na cinmu, ta ce wanda ke daji ba a rufe masa ƙofa.

Yaya Abba? Ba na ce ki gaishe shi ba. Ki dai faɗa mini ko yana cin abinci.

Ƙaninki, ko kina so ko ba kya so,
Rokon

Dhumkhali,
25 ga Rajab

Rokon,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Takardarka ta iso, na karanta sau uku a bayan rumbu. Na farko da fushi. Sauran ba ruwanka.

Shekara biyu ba ka da takarda, sai da ka ji ƙamshin shinkafa? To ka ji abin da ba ka sani ba, tunda kai ka tafi ka bar mu da ɓarnar.

Wata huɗu bayan tafiyarka wani Kawun, namiji, ya shigo Rafin Keora. Abba ya riga ya faɗa musu tun ranar akuyar: ita ce ke tsare yankin, muddin tana nan baƙo ba ya zama, kuma ita ta san mu. Suka ce tsoho ya fara ruɗewa. Baƙon ya ɗauki Haran Mondol yana kamun kaguwa, da rana tsaka, ɗansa yana cikin jirgi yana kallo. Haran ɗin da ya koya maka iyo. An kafa filafilinsa a bakin rafin an ɗaura masa lunginsa, zanen ƙugunsa, kamar yadda ake yi wa duk wanda Kawu ya ɗauka, har yanzu tsumman na nan. Matarsa Shobita kuwa dangin miji sun ce ita ta cinye shi, ba a son ganin fuskarta da safe. Ni nake kai mata shinkafa ta bayan gida. In kana neman abin da za ka yi wa kuka a bakin kwata, ga shi nan.

Baƙon bai zauna ba, ya yi gaba. Yanzu rafin shiru. Ruwan ma ya ƙara gishiri tun da aka fasa gonaki aka mayar da su tafkin jatan lande, masu tarko kuma sun sa barewa a gaba. Abba ya ce in barewa ta ƙare a daji, akuyarmu ce barewa. Shi da wasu mutum shida sun haɗa kai, in Kawu ya hayo kogi za su zagaye shi da taru da ganguna su mayar da shi, ba guba ba mashi. Motaleb yana cikinsu, shi ke riƙe ganga, daga can baya. Ya ce in gaya maka makewayinsa yanzu na bulo ne, ka zo ka gwada.

Ka tambayi Abba. Yana ci, kaɗan. Idonsa ne. Yanar ido ta rufe na dama ƙurmus, na hagu kuma sai inuwa-inuwa. Da ma'aikatan daji suka zo ƙidayar sawu, masu zuba farin gari su ɗauki siffa, sai da suka riƙe masa hannu ya sauka jirgi. Duk da haka da ya tsuguna ya shafa laka ya ce musu wannan na jiya ne, namiji, ya ƙoshi. Suka yi ta kallon juna.

Duk ranar Alhamis yana sa Motaleb ya tuƙa shi Rafin Keora, ya sauka ya yi ta laluben laka da yatsu har ruwa ya fara dawowa. Ba ya cewa me yake nema. Ba ya kiran sunanka. Kuma ya ɗauko wata rigima ta tsufa, ba ya bari a rufe ƙofar ɗakinsa, wai sakatar ta lalace. Motaleb ya gyara sau biyu.

Ka riƙa salla. Ka bar tsokanar mutanen birni, ba su san ka ba balle su yi maka haƙuri.

Yayarka,
Morjina

Dhaka,
12 ga Azumi

Bubu,

Assalamu alaikum, ina yi muku barka da shan ruwa. Ki ce wa Dulabhai na ji labarin ganga. Allah ya ƙara masa nisa da taru.

Ban iya amsa miki da wuri ba. Haran. Kwana uku ina riƙe burushi ina ɓata wa Ustad kwano, har ya ce ko aljanu ne. Shi ne yake ɗora ni a wuyansa ya jefa ni tsakiyar kogi ya ce, "Kawu ma yana haye wannan da barewa a baki, kai da hannu biyu fa?" Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi ko jininsa yana wuyana. Ya ce ba da nufi na yi ba. Na ce ai akuyar ma ba ta yi nufi ba, amma a cikinta gubar ta tafi. Ki faɗa wa Shobita... a'a, bari. Ban san me za ki faɗa mata ba.

Ranar Juma'a Ustad ya ja ni gidan namun daji, wai in ga Kawu na gaske in daina yi masa gardama. Ni da na taso ina jin ƙamshinsa. Muka je. Yana cikin keji yana kai da kawowa, taku bakwai ya juyo, taku bakwai ya juyo. Yara na jifansa da ɓawon gyaɗa. Ustad yana ta cewa dubi zanen jikinsa, na ce kowanne da nasa zanen, ba biyu iri ɗaya, amma ni ba can idona yake ba. Ƙasa nake kallo. Siminti ne, Bubu. Tun safe yake tafiya, ko sawu ɗaya bai bari ba. Na ce masa a hankali, "Kawu, kai ma ɗan laka ne?" Bai kula ni ba. Da ma can ba ma shiri da danginsu.

Da muka fito na waiga bayana a titi. Ni ma haka, ba sawu.

Ina kewar abubuwan da ban taɓa zaton ana kewarsu ba. Tsinin saiwar nan da ke fitowa daga laka yana huda ƙafa. Birai suna kakkaɓo wa barewa ganyen keora, su kuma in sun hango Kawu su tona masa asiri. Muryar Abba yana karanta addu'a a goshin jirgi kafin kowa ya sa ƙafa a daji, ni kuma ina baya ina ɗaure wa Dulabhai gefen lungi a jikin katako. Har zagin da yake biyo baya nake kewa.

Wani abu ya tsaya mini. Lokacin da na danna kakin nan, akwai ƙananan sawu biyu suna bin nata. Sun kai shekara ɗaya da rabi, sun kusa rabuwa da ita, amma ba su gama koyon farauta ba. Akwai wanda ya sake ganin alamarsu? Ko ba a gani ba ki ce mini an gani. A'a, kar ki ce.

In idon Abba ya rufe gaba ɗaya, da me zai ga sawun? Kin ga rantsuwar ta zama kabari ke nan, ina waje yana ciki.

Naki,
Rokon

Dhumkhali,
9 ga Shawwal

Rokon,

Wa alaikumus salam. An yi salla lafiya. Abba ya sa an ɗebi taliyar madara an ajiye a kwano an rufe, bai ce ta wane ne ba, har ta lalace.

'Ya'yan nata babu wanda ya ce ya gani. Gaskiyar ke nan.

Yanzu ka buɗe kunne, kuma ka ƙona takardar nan. Tambayar da ka yi a ƙarshe ta hana ni sukuni, na karanta wa Motaleb. Ya ce, "To ai cewa ya yi sai ya ga sawu. Bai ce sai ta tashi daga matattu ba." Na ce me kake nufi. Ya ce, "Wanda ya sassaƙa ɗaya ai zai sassaƙa biyu." Na ce kai da aka yi wa abin? Ya ce, "Ni na gaji da tuƙa tsoho duk Alhamis yana tonon laka kamar mai neman allura. Kuma rumfar shayi ba daɗi tun da shegen yaron nan ya tafi, ba mai sa mini gishiri a kofi." Haka ya ce, kar ka fasa kai.

Ga yadda za a yi. Ka aiko ƙafar. Ranar Alhamis da ruwa ya janye, Motaleb zai riga shi zuwa ya bubbuga a can ƙuryar rafin inda ba mai zuwa, ya dawo ya ɗauko shi. Kafin la'asar ruwa ya cika ya shafe komai, ba wanda zai gani balle a tayar da hankalin gari. Abba zai shafa, ya ce ikon Allah, ko jikarta ce ko me, rantsuwa ta warware.

Na san ƙarya ce. Na yi istigfari tun kafin a yi. Amma watan zuma ya matso, kuma ya ce bana ma shi zai shiga da mutane, da wannan idon. Ba wanda ya iya karanta laka a garin nan bayan shi sai kai. In ya shiga ba mai gani masa, ni zan zauna da buɗaɗɗiyar ƙofa ina jiran filafili.

Kar ka tsaya dogon tunani, ba halinka ba ne.

Morjina

Dhaka,
28 ga Shawwal

Bubu,

Salamu alaikum. Ga saƙo nan a hannun Sobhan mai jirgin ganyen rufi, na naɗe a tsohon lungi, na ce masa maganin basir ne na Dulabhai, don kar ya buɗe.

Ba kaki wannan karon, daga ka na sassaƙa, amma sawun nan ko a mafarki ina ganin sa, karkataccen yatsa a dama. Ki ce wa jarumi ya danna da nauyinsa duka, Allah ya hore masa. Taku ya zama a layi ɗaya, ba warwatse kamar na kare ba. Ya riƙa ja da baya yana share nasa sawun da ganye. In ya ji ƙamshin shinkafa, ya yar da itacen ya tuna da ganga.

Hannuna bai manta ba, Bubu. Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Ina sassaƙawa ina jin daɗi.

Rokon

Dhumkhali,
17 ga Zulƙida

Rokon,

Wa alaikumus salam. An yi. Ban san ko an yi daidai ba.

Motaleb ya tafi da hantsi shi kaɗai, ya dawo fuska kamar toka, laka har ƙugu, ya ce biri ya yi tari a kansa saura kaɗan ya mutu a tsaye. Na ce to yi wanka mana. Ya ce ba lokaci, ruwa zai juyo. Na ce ni ma zan bi ku, na fake da ɗibar itace.

Da muka isa, Motaleb ya ɗaga murya kamar mai tallan kifi, "La ilaha illallahu! Abba, me nake gani haka?" Na ji kamar in nutse don kunya. Abba ya sauka, na riƙe masa gwiwar hannu. Ya tsuguna. Ya sa yatsunsa a sawun farko, ya daɗe. Ya ja gwiwa zuwa na biyu, na uku. A na huɗu ya sa tafin hannunsa duka ya rufe shi, kamar yadda yake dafa goshinmu in muna zazzaɓi. Na ce shi ke nan, yanzu zai ce a kira ka.

Bai ce ba. Ya miƙe ya lallaba wajen tsohuwar keoran nan da Maƙwabciya take karce farce a jikinta, ya yi ta shafa ɓawon sama da ƙasa. Sannan ya wanke hannu ya ce, "Mu koma, ruwa ya juyo." A jirgi Motaleb ya kasa haƙuri ya ce, "Abba, ba ita ba ce?" Ya ce, "Tuƙa, Motaleb. Hannunka na rawa, za ka kifar da mu."

Yau kwana takwas. Bai yi fushi ba, bai yi murna ba. Alhamis ta zagayo bai ce a kai shi rafi ba. Abu ɗaya ne sabo: kullum in ya ji jirgin wasiƙu ya tsaya sai ya ce, "Akwai takarda daga Dhaka?" Shi da bai taɓa nuna ya san kana Dhaka ba.

Ban san me zan ce maka ba. Kar ka taho tukuna. Kar kuma ka yi nisa.

Yayarka,
Morjina

Dhaka,
15 ga Zulƙida

Zuwa ga mahaifina, Abba Jobbar Gazi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙushe ina gaishe ka. Bubu, ke za ki karanta masa, kuma na haɗa ki da Allah kar ki tsallake layi ko ɗaya. Ban samu labari daga gare ki ba, ban san ko an riga an yi ba.

Abba, in an kai ka Rafin Keora ka taɓa sawun Maƙwabciya, ba ita ba ce. Ni ne. Na sake sassaƙa ƙafar itace na aiko. Kar ka ga laifin Bubu, tausayi ne ya ja ta. Dulabhai kuwa ka san shi, ko kaza ta ba shi shawara zai bi.

Tun da jirgin Sobhan ya tashi ban samu natsuwa ba. Na ce wa kaina ai ba wanda zai gani sai kai. Haka na ce wancan karon, ba wanda zai gani sai Dulabhai. Laka ba ta da amana, Abba, kai ka koya mini, duk wanda ya zo wucewa sai ta ba shi labari. In mai kamun kaguwa ɗaya ya gani kafin ruwa ya cika, gobe akwai wata akuyar a bakin daji. In kuwa cikin 'ya'yanta akwai wanda ya rayu yana yawo a wurin, na kashe uwa na dawo na kashe ɗa.

Kuma ko ba wanda ya gani, da na zo na zauna a gabanka ina cin shinkafarka, kana zaton Allah ne ya warware maka rantsuwa alhali wuƙata ce. Na yi wa kowa wasa a garin nan, har liman na sa wa kwaɗo a buta. Amma ban taɓa yi wa idonka wasa ba lokacin da yake gani, ba zan fara ba yanzu da ya rufe.

Ina son gida. Ban san yadda ake rubuta shi da kyau ba, ban yi makarantar ba. Ina son in riƙe maka igiyar jirgi, ko ba za ka yi mini magana ba. Amma in ka kira ni saboda wancan sawun, ba zan zo ba.

Roƙona ɗaya, bana kar ka shiga ɗibar zuma ba mai gani maka.

Ɗanka mai laifi,
Rokonuddin

Dhumkhali,
2 ga Zulhajji

Rokon,

Wa alaikas salam. Ni ke faɗa, Morjina ke rubutawa. Tana kuka, in ka ga tawada ta baje ba ruwana.

Tun a sawun farko na sani. Ka sassaƙa abin da idonka ya tuna a laka, ka manta itace yana juyawa in an kife shi. Yatsanta ya koma hagu. Kuma Kawu ba ya tafiya da diddigen Motaleb a gefensa.

Na yi shiru ne in ga da wace ƙafa za ka zo. Takardarka ta iso.

Jiya na ciyar da miskinai goma, na yi kaffara. Rantsuwar fushi ce, kuma na daɗe da sanin matacce ba ya taka laka. Jinin Haran ba a kanka kaɗai yake ba, na san sawun ƙarya ne wancan karon ma, na tsaya neman wanda ya yi maimakon in tare masu akuya. Za mu je wurin Shobita ni da kai.

A jikin keorar akwai sabon karce. Bai kai tsayin na uwar ba, ya gaza da kamu ɗaya. Ban faɗa wa kowa ba. Yatsuna sun ji, amma ina bukatar ido.

Jirgin zuma zai tashi kwana huɗu bayan salla. Ka taho da wuƙarka, ka bar itace a can.

In ka iso ka rufe mini ƙofar nan. Shekara biyu ke nan sauro na cina.

Mahaifinka